Ranar da na fasa faranti a ƙofar Madam

Ko da tsufa zai kwashe mini sunayen garuruwan da na zauna ɗaya bayan ɗaya, ba zan taɓa mantawa da ranar ƙarshe ta wata Disamba a nan Riyad ba.

Lokacin da na zo garin nan, shekara ashirin da 'yan kai, idan Disamba ta kama babu abin da ke canzawa sai sanyi. Ba bishiyar roba a shago, ba jar hula, ba fitilu masu ƙyaftawa. Turawan Unguwar Ofisoshin Jakadanci suna yin bikinsu na Kirsimeti a bayan katanga, labule a sake. Duk mai son sanin abin da suke yi a ciki sai ya nemi wanda ya taɓa shiga, kuma a duk Hausawan unguwarmu ta Al-Jaradiya ni ne wanda ya shiga. Yanzu kuwa ka leƙa manyan shaguna ka ga bishiyar a tsaye, kuma kowane lebura yana da waya a aljihu wadda za ta nuna masa abin da ake ci a Japan kafin ya gama kurɓar shayi. Ilimin da na sha sanyin ƙasashe kafin na tara, yau ɗan yatsa ake dangwalawa a same shi.

Ni direba ne. Da ƙuruciya na bi wani ma'aikacin jakadanci na ƙasarmu duk inda aka tura shi: Denmark, Austiriya, Spain, Venezuela, kafin na ƙare a nan ina tuƙa Turawa. Ina jin Larabci da Turanci da Faransanci, ina iya ciniki da Sifaniyanci, kuma ina da gaisuwa uku cikin harshen Denmark. Saboda haka a majalisarmu ta Juma'a bayan la'asar, a ɗakin wani ɗan'uwa mai sayar da turare, ake ce mini Alhaji Taswira. Ina son sunan nan fiye da yadda ya kamata dattijo ya so suna.

Idan sanyi ya shigo, ba abin da nake jin daɗi kamar a zuba mini shayi in fara zagin al'adun mutane. Kuma wallahi akwai abin zagi. A wani yanki na Spain na ga magidanta masu digiri sun ɗauko gungumen itace, sun zana masa ido da baki, sun sa masa hula, sun lulluɓe shi da bargo, yara suna ajiye masa abinci kullum. Ranar biki sai a ɗauko sanduna a yi ta jibgarsa wai ya yi kashin alewa. A Austiriya ƙarti ne ke sa ƙaho da fatar akuya, suna jan sarƙa a titi suna tsorata 'ya'yan mutane, hukuma tana kallo. A Karakas ta Venezuela da asuba za ka ga tsohuwa a kan takalmin taya za ta coci. A Japan kuwa, duk fasaharsu, abincin bikin soyayyar kaza ce ta shago, sai an yi layi. (Japan ban taɓa zuwa ba. Wani direba ɗan Filifin ne ya ba ni labari. Amma a majalisa ban taɓa ganin dalilin ɓata labari da wannan bayani ba.)

Wanda ya fi ba su dariya shi ne na Norway. Nakan ce, "Mutanen nan da suka haƙo mai daga ƙarƙashin teku, daren Kirsimeti sai su tattara tsintsiyoyin gida su ɓoye, wai kada mayu su sace su hau su tashi sama. Ku ji fa! Maye ya rasa abin hawa sai tsintsiya."

Mutum ɗaya ne ba ya dariya, Alhaji Ila, wani tsohon magini ɗan Maraɗi. Shekara goma sha biyar muna zama tabarma ɗaya, bai taɓa yarda da maganata ba. Sai ya karkata hula ya ce, "Alhaji Taswira, wanga abu da idonka ka gani, ko dai an gaya maka?" Ni kuma in ce masa wanda iyakar tafiyarsa daga Maraɗi zuwa Jidda ba shi da bakin tambaya.

To a wannan shekarar akwai Malam Sanusi, mutumin Damagaram, kuku, magidanci mai 'ya'ya huɗu a gida. Gidan abincin da yake aiki a unguwar Malaz ya rufe, kafil ɗinsa, wato wanda ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya ce ya nemi wanda zai karɓe shi kafin iƙamarsa, takardar izinin zama, ta ƙare, in ba haka ba sai jirgi. Ni na ji labarin wata Baturiya a Unguwar Jakadanci tana neman kuku, na kai shi har ƙofa. Ta ce ya yi wata ɗaya na gwaji, daga farkon Disamba zuwa ƙarshenta, in ya yi mata za ta sa hannu a mayar da kafalarsa gidanta, ita ta zama kafil ɗinsa. Wato zaman Sanusi a ƙasar nan, da abincin yara huɗu a Damagaram, duk suna rataye a alƙalamin Madam.

Juma'ar ƙarshe ta wata ya zo majalisa fuska a yamutse.

"Baba Alhaji, saura kwana kaɗan, matar nan ba ta ce komai ba. Ta ci abinci ta ce na gode, shi ke nan. Ban san ko na yi ko ban yi ba."

Na ce, "Haka suke. Bature ba ya yabo da baki. 'Yar wace ƙasa ce ma?"

"Wallahi ta faɗa, sunan bai zauna mini ba. Can sama dai, inda rana ba ta fitowa. Akwai 'yar tuta a kan firij, ja ce da gicciye."

"Denmark," na ce, ban ko ajiye kofi ba.

"Akwai shuɗi a tsakiyar gicciyen fa, Baba."

"Ado ne. Ni za ka gaya wa tutar Denmark? Shekara biyu na yi ina wanke mota a ƙarƙashinta."

Sai ya ƙara da cewa wani abu ma na damunsa: tun wajen kwana huɗu aka nemi tsintsiya a gidan aka rasa, ta tsakar gida da ta kicin duka, yana tsoron kada a ce shi ya ɗauka. Mai karatu, ka lura. Ni da bakina na shekara ina ba da labarin masu ɓoye tsintsiya. An kawo mini amsa har gaban tabarma, an ajiye. Na dube shi na ce, "Masu aiki ne. Bar wannan, ga babbar magana."

Na gyara zama na bayyana musu cewa a Denmark, ranar ƙarshen shekara, wanda yake ƙaunarka shi ke zuwa ƙofar gidanka ya fasa tsofaffin faranti. Yawan fasassun tangaran a ƙofarka, yawan masoyanka. Matar nan tana baƙuwar ƙasa, mijinta da yara sun tafi gida hutu, ba wanda zai fasa mata ko kofi. In ta buɗe ƙofa ta ga kukunta ya tuna da ita da al'adar kakanninta, ai kuka za ta yi, ta sa hannu a tsaye.

(Ga gaskiyar da ban faɗa musu ba. Ban taɓa ganin an fasa farantin ba. Wata safiyar Janairu, sama da shekara talatin da suka wuce, na ga ɓaraguzai a ƙofar wani maƙwabci, na tambayi mai kula da benen, ya yi mini bayani da rabin Turanci yana sauri. Iyakar karatuna ke nan a wannan fanni. A kansa na gina fatawa.)

Sanusi ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ni aikina wanke faranti, ba fasawa ba. Hannuna ba zai iya ba."

Alhaji Ila ya ce, "Yaron ga ya fi ka hankali. Kai da kake zagin mutane kullum, yau kai za ka yi abin da suke yi?"

Wannan magana ita ta ƙarasa ni. Da Ila ya yi shiru, wataƙila da na bar zancen. Na ce ni zan je in yi a madadin Sanusi, kuma shi Ila ya shirya ya bi ni, ya ga yadda ake mu'amala da manyan mutane, ya daina mutuwa cikin jahilci. Ya ce ko da kuɗi ake shiga zai je.

Na je kasuwar gwanjo na zaɓo faranti goma sha biyu masu furanni, na jera a kwali. Matata Hajiya ta gan su ta yi murna, ta zaci na tuna da kicin ɗinta. Da na ce mata na aiki ne, ta dube ni irin kallon da ta saba yi mini shekara arba'in, ta koma ciki.

Ranar talatin da ɗaya, bayan la'asar, na sa farar jallabiya da kwat mai ruwan toka wadda na saya a Austiriya, na ɗauki Ila muka nufi unguwar. Sanusi ya riga ya gaya mini Madam tana da baƙi da yamma, za a sha shayi kafin kowa ya wuce inda zai yi bikinsa. Ni a lissafina hakan ya fi: alheri a gaban shaidu. A shingen shiga wani jami'i ya leƙa kwalin, ya ce, "Esh hada, ya Hajj?" wato mene ne wannan. Na ce faranti ne, kyauta. Ban yi ƙarya ba.

Titin shiru, bishiyoyi a jere, motoci biyar a ƙofar gidan. Ila ya ce shi daga mota zai yi kallo, ƙafarsa na ciwo. Na ga ya ciro waya, na ɗauka agogo yake dubawa.

Maigadin gidan ɗan Sudan ne, ya san ni, ya bar ni na shiga har bakin matakala. Na ajiye kwali, na gyara hula, na ɗauki na farko, na ɗaga, na maka shi da ƙasa.

Bai fashe ba. Ashe na roba ne mai kama da tangaran. Ya yi tsalle, ya mirgina, ya bi gefen fulawoyi yana rawa har ya kwanta. Duk mai hankali zai ɗauki wannan a matsayin gargaɗi. Ni sai na ji haushi, na ɗauki biyu a haɗe.

Waɗannan kam sun ba da haɗin kai. Ƙarar ta cika titi. Na ƙara, na ƙara, ina ɗaga murya da gaisuwar sabuwar shekara cikin harshen Denmark, ɗaya daga cikin ukun da na mallaka. Wani kare ya fara haushi a ciki. Maigadi ya rugo yana cewa, "Ya Hajj! Ya Hajj! La haula!" ya riƙe mini hannu, na fizge na ce masa cikin Larabci ya bari, al'ada ce, bai sani ba. Ina kan na tara aka buɗe ƙofa.

Madam ce, doguwa, gashi fari, tabarau a goshi. Bayanta baƙi wajen goma, kowa da kofi a hannu, wata ta rungume jakarta. Can ƙarshe Sanusi da farar rigar kicin, ya ɗora hannu biyu a ka.

Na yi murmushi, na ɗan rusuna, na saki na tara a gabanta. Wani ɓallin ya tsallaka ya faɗa cikin falo.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce da Turanci, a hankali, "Wane ne kai, kuma me na yi maka?"

Na gyara murya na yi jawabi. Na ce ni tsohon mazaunin ƙasarta ne, na san yadda kewar gida take, na zo a madadin kukunta in nuna mata cewa ko a hamada tana da masoya, kamar yadda ake yi a Denmark.

"Denmark," ta ce.

"Denmark, Madam."

"Ni 'yar Norway ce."

Na sha jin mutane suna cewa sun so ƙasa ta tsage su shige. Ni ban so haka ba, don ƙasar cike take da tangaran. Abin da na tuna shi ne shuɗin nan da ke tsakiyar gicciye. Ado.

Kafin in sami abin cewa, wani tsoho mai jan fuska ya ratso baƙin yana dariya har shayinsa na zuba. Ya ce shi ɗan Denmark ne gaba da baya, shekararsa sittin da wani abu, kuma bai taɓa ganin mai rai ya yi wannan abu ba sai yau. Kakarsa ta taɓa ba shi labari, sai kuma a waya yake karantawa wai haka suke yi. Ya ce, "Sai da na zo Riyad na ga al'adarmu!" Ya nemi mu gaisa. Na miƙa masa hannu, da me zan yi?

Motar sintiri ta tsaya a waje, maƙwabta sun kira. Jami'i ya shigo, ya dubi ƙasa, ya dube ni, ya nemi iƙama. Ya tambayi Madam ko tana son a tafi da ni. Ita kuma ta juya ta kira Sanusi.

"Ka san mutumin nan?"

A nan ne na manta da kaina. Yara huɗu a Damagaram suka tsaya mini a ido. Da Sanusi ya ce bai taɓa ganina ba, wallahi da ban riƙe shi ba, har a raina ina roƙon ya faɗi hakan. Sai ya sauke hannu daga ka, ya ce da guntun Turancinsa, "Babanmu ne. Shi ya kawo ni nan. Na ce kada ya yi. Ba mugu ba ne, Madam. Ya san abubuwa da yawa ne."

Ya san abubuwa da yawa ne. An zage ni da harsuna biyar a rayuwata, ba wanda ya shige ni kamar wannan.

Madam ta sallami jami'in. Ta ce ba sai an tafi da ni ba, amma in share mata ƙofa kafin wani ya taka. Na ce da gudu, a ba ni tsintsiya. Sanusi ya sunkuyar da kai. Maigadi ya kalli sama. Madam ta dafe goshi ta ce babu. Mijinta ne ya ɓoye su daren Kirsimeti don ya yi wa yaransu wasan da ake yi musu suna ƙanana, washegari suka hau jirgi, kuma da ta tambaye shi a waya ya ce ya manta inda ya sa.

Daga bakin ƙofar waje na ji wata murya da Hausa, har da shaƙewa: "Alhaji Taswira! Mayu sun tafi da ita!" Ciwon ƙafar Ila ya warke.

Haka na tattare jallabiya, na tsuguna, ni da gwiwoyin da sai da dabara nake sujada da su, na dinga tsintar tangaran da hannu ɗaya bayan ɗaya. Faranti takwas, in ka fasa su da zuciya ɗaya, suna da yawa. Tsohon nan ɗan Denmark ya riƙe mini kwali yana bi na, yana nuna mini na ƙarƙashin tukunyar fulawa. Baƙi suka fito da kofunansu suna kallo. Wani ɓalli ya yanke ni a yatsa, jini ya ɗiga a kwat ɗin Austiriya. Sanusi ya zo zai taya ni, na ce ya koma kicin, kada ya ƙara wa kansa.

Muka koma mota ni da Ila, muka fita shinge. Sannan ya ce, "Wanga kam da idona na gani."

Kwana na yi ban runtsa ba. Washegari da hantsi Sanusi ya buga ƙofa, na fito ina jiran ya ce in raka shi neman tikiti. Sai ya ce ashe Madam ta riga ta sa hannu tun kwana biyu kafin abin, ta ajiye takardar ne ta ba shi ranar sabuwar shekara a matsayin albishir. Bayan tafiyata ta ce sai ta sake tunani. Da safe ta kira shi ta ba shi, ta ce mutumin da bai yi musun dattijonsa a gaban ɗan sanda ba, ba zai yi mata ƙarya a kan cefane ba. Sharaɗi ɗaya ta sa: kada maigadi ya sake buɗe mini ƙofa.

Wato aikin da na je gyarawa a gyare yake. Ni kaɗai ne matsalar da ya fuskanta.

Sanusi ya juya zai tafi, sai ya tsaya yana sosa ƙeya. "Baba, akwai wata cikin baƙin, 'yar Italiya. Ta shigo kicin ta tambaye ni wai a ƙasarmu haka dattawa ke yi in sanyi ya zo, su sa fararen kaya su bi gidaje suna fasa kwanuka. Na ce a'a, ba ta gane ba. Har ta rubuta a waya."

To ka ji. Ina da yaƙinin yanzu haka akwai wata majalisa a Turai inda ake zuba shayi, wata mata da ta zaga duniya tana cewa, "Ku bar na Japan, ku ji na Hausawa," ana dariya, kuma babu wani Ila a wurin da zai tambaye ta ko ta bincika. Gungumen Spain ma, da na shekara ina yi wa dariya, ban taɓa zama na tambayi mai gidan me yake nufi a wurinsu ba. Ta taga na hango, ina jiran maigidana ya fito.

Hoton da Ila ya ɗauka ya riga ni isa majalisa, ya wuce Maraɗi, ya dawo mini ta hannun wani jikana a Kano. Har yau ina zuwa ranar Juma'a, ana girmama ni, ana ba ni wuri kusa da hita. Amma in gardama ta tashi a kan wata ƙasa, waya ake cirowa, ba a waiwayo ni. Sunan Taswira ya mutu, Alhaji Tangaran ake cewa, har a gaban baƙi. A gida kuma, tun daga ranar, a farantin roba Hajiya ke zuba mini abinci.